Raddi Ga Masu Cewa Mutunta Ɗalibi Sangarta Shi Ne

Akwai maganar da ta yi ƙarfi a bakin wasu malaman makarantunmu, daga Yelwa har Wara da Shanga, wai abin da ake koyarwa a kwalejojin horar da malamai na sauraron ɗalibi da duba halin da ya baro a gida, shi ya lalata tarbiyya. Wani dattijon malami da nake ganin girmansa ya tattara hujjojin masu wannan ra'ayi ya shimfiɗa su gaban 'yan'uwa malamai. Tunda a bainar jama'a ya faɗa, a nan ya kamata a ba shi amsa, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Abin da ake jayayya a kai wata mazhaba ce a ilimin halayyar ɗan Adam, wadda ta taso a Amurka a tsakiyar ƙarni na 20. A 1943 Abraham Maslow ya jera buƙatun mutum: ci da sha da barci, sannan aminci, sannan ƙauna, sannan ƙima a idon jama'a, kafin ya kai ga fito da baiwar da ke cikinsa. Carl Rogers, mai littafin Freedom to Learn na 1969, shi ya shigo da zancen cikin aji. A ganinsa karatu yana kama yaro idan malami ya zama mai gaskiya a mu'amalarsa, ya karɓi yaron a matsayin mutum, ya kuma yi ƙoƙarin ganin abu yadda yaron ke ganinsa.

Malam ya ce wannan tunanin Turawa ne da ba ruwansu da Allah. Sai mu ce: a inda Rogers ya mai da zuciyar mutum ma'aunin ƙarshe na daidai da kuskure, mun raba gari da shi, domin mu muna da Alƙur'ani da Sunna. Amma tausasa wa mai koyo ba daga Amurka muka aro shi ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sanya tausayin ɗalibai da ɗaukarsu kamar 'ya'yan cikinsa a matsayin aikin malami na farko. Ibn Khaldun ya ware babi guda a Muƙaddima yana bayanin cewa tsananta wa masu koyo yana cutar da su, yana koya musu kasala da ƙarya da yaudara don gudun duka. Ibn Sahnun na Ƙairawan, Bamalike irinmu, tun ƙarni na 9 ya iyakance wa malamin yara yawan bulalar da zai yi, ya hana shi duka cikin fushi. Sama da duka, Anas ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10 bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba. Da wanne daga cikin waɗannan Malam yake jayayya?

Ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma bulala ce ta yi mu, har ya kawo hadisin dukan yaro a kan salla. Hadisin nan, Allah gafarta Malam, hujja ce a kanku. An ce a umarci yaro yana da 7, ba a ambaci duka ba sai ya kai 10, wato shekara 3 na koyarwa da haƙuri, kuma a kan salla, ginshiƙin addini. Ina aka samo zane ɗan aji biyu don ya kasa lissafi, ko don kwale-kwalen da ya ƙetaro da shi ya makara? Sannan Malam yana ƙirga waɗanda suka jure bulala suka zama wani abu, ya manta da waɗanda ta kora. Ya tuna abokan ajinsa na firamare: nawa suka fara, nawa suka gama?

A bakin tafkin Kainji wannan tambaya ta fi nauyi, kuma nan ne zancen ya fi ci mini rai. Yaron birni idan ya gudu daga makaranta yawon titi zai yi, yunwa ta koro shi gida. Ɗan masunci kuwa da ya kai shekara 12 ya iya tuƙa jirgi, ya iya jan taru, kafin la'asar yana da kuɗi a aljihu, kuma mahaifinsa yana bukatar hannunsa. Ɗan manomin albasa haka yake da rani. Malami a nan takara yake yi da ruwa da fadama, kuma su suna biya nan take. Ranar da ka wulaƙanta yaron nan gaban tsaransa, ba zai yi maka gardama ba, gobe dai ba za ka gan shi ba. Gwamnati da kanta ta gane haka, shi ya sa Hukumar Ilimin Makiyaya da aka kafa a 1989 ta haɗa da 'ya'yan masunta masu ƙaura, don makaranta ta bi yanayin rayuwarsu.

Ya ce almajirai da yawa sun haddace Alƙur'ani cikin yunwa, saboda haka jerin Maslow ƙarya ne. A nan yana da rabin gaskiya. Jerin ba tsani ba ne da dole sai an taka kowace matakala, Maslow ma ya yarda akwai waɗanda aƙida ke sa su danne yunwa. Amma ba yunwar ce ta haddace musu ba. Ku dubi batun aminci kuma. A ranar 17 ga Yuni, 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai da malamai, wasu daga cikin 'yan matan ba su dawo ba sai a 2023. A ƙarshen watan Mayun 2021 jirgin ruwa ya kife kusa da Wara, mutane da dama suka rasu. Yaran da suka ga waɗannan, waɗanda ƙarar babur ke sa su waiwaya ƙofa, malami zai ƙara musu tsoro a kan tsoro, sannan ya yi mamakin karatu bai shiga ba?

Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce cunkoso: malami ɗaya, yara sun cika aji har ƙasa, yaushe zai saurari kowa? Gaskiya ne, kuma wannan nauyi ne a wuyan hukuma. Sai dai sanin sunan yaro ba ya bukatar kasafin kuɗi, haka barin zaginsa da iyayensa ko ƙabilarsa. Lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, an tashi mutane kimanin 44,000 daga garuruwansu da gungunansu. Jikokinsu ne a gabanmu, Gungawa da Kambari da Lopawa da Sarkawa. Yaro ya taso da Gunganci ko Kambarci, Hausa harshensa na biyu, Turanci na uku, ya buɗe baki aji ya fashe da dariya, malami na taya su. Alhali a 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa. A 2007 Jeffrey Cornelius-White ya tattara bincike 119 a kan alaƙar malami da ɗalibi, ya samu cewa inda malami ke da tausayi da fahimta, halartar aji da himma da sakamako sukan ƙaru.

Saura zargin cewa muna so a bar yara su yi abin da suka ga dama. Babu wanda ya faɗi haka. Yaron da ya yi sata ko ya cuci ɗan'uwansa a hukunta shi, a kira ubansa, a sa ya biya. Laifin ake ƙi, shi kuwa yaron ana son ya dawo gobe.

Ina roƙon shugabannin makarantu da sakatarorin ilimi na Yauri da Ngaski da Shanga su ɗauko rajistar ajin farko ta shekara 5 da suka wuce, su gwama ta da ta aji shida na bana, su bi sawun yaran da suka ɓace har gidajensu su tambaye su abin da ya fitar da su. Ina roƙon Malam, da girmansa da daɗewarsa a aikin nan, ya shiga gaba a wannan tafiya. Allah ya haɗa mu a kan daidai.