A Buɗe Takardun Kadarori, Jama'a Su Huta da Shaci-faɗi

Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, jerin sunayen waɗanda ake cewa sun fi kowa kuɗi ya sake cika wayoyin jama'a, tun daga majalisun hira na bakin ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru har zuwa rumfunan kasuwar Sabon Gari, inda ake musu kan biliyoyin wane da wane kamar an ga takardar bankinsa. Abin da shafukan intanet ke kira darajar dukiya, wato abin da zai rage wa mutum idan aka tara kadarorinsa aka cire bashin da ake bin sa, lissafi ne da ba ya yiwuwa sai an san ɓangarorin biyu, alhali mai shafin bai san ko ɗaya ba.

Ko manyan wannan sana'a ba su tsira daga tuntuɓe ba. Mujallar Forbes, wadda ta ƙiyasta dukiyar Aliko Ɗangote a kan dala biliyan 13.4 a 2024, ta mayar da ita biliyan 23.9 a Fabrairun 2025 saboda ta shigar da matatar mansa ta Lekki cikin lissafi, bayan Bloomberg ta riga ta kai shi kusan biliyan 28 tun Oktoban 2024. Idan haka ta faru ga mutumin da kowa ke iya ganin farashin hannun jarin kamfanin simintinsa a kasuwar Legas, to ina ga ɗan kasuwar da arzikinsa ke cikin buhunan masara a sito, da filaye, da shanu, da bashin da ke hannun abokan ciniki? Masu cewa nishaɗi ne kawai suna da 'yar hujja, amma a Zazzau, garin da bai manta harin masu garkuwa da mutane a kwalejin Nuhu Bamalli cikin Yunin 2021 ba, liƙa wa mutum biliyoyin da bai mallaka ba ya wuce wasa.

Dukiyar ɗan kasuwa sirrinsa ce. Ta mai riƙe da muƙami kuwa haƙƙin jama'a ne su sani, kuma nan ne jaridar nan ta gaji da maimaita magana ɗaya: a buɗe takardun. Kundin tsarin mulki na 1999 ya wajabta wa jami'an gwamnati bayyana kadarorinsu ga Hukumar Kula da Ɗa'ar Ma'aikata, ya kuma ce ɗan ƙasa na iya duba su bisa sharuɗɗan da Majalisar Tarayya za ta gindaya. Fiye da shekara 25 ke nan majalisar ba ta gindaya komai ba, hukumar kuma da wannan giɓin take fakewa duk lokacin da aka nemi takarda. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bayyana tasa a fili a 2007, kimanin naira miliyan 856, kuma bai rasa komai ba. Goodluck Jonathan ya ce a 2012 abin bai dame shi ba, Muhammadu Buhari kuma taƙaitaccen bayani kawai, mai ɗauke da shanu 270 da 'yan gidaje da sauransu, aka samu daga bakin kakakinsa a 2015.

Kakakin Majalisar Wakilai, Tajudeen Abbas, ɗan Zazzau ne, kuma dokar da ta rage a hannun majalisar da yake jagoranta take. Ya kamata ya gabatar da ita, a buɗe takardun kafin a buɗe rumfunan zaɓe.