Gadon Sikila da Ƙarancin Kalmomi a Hausa

A shekarar 2024 Gwamnan Jihar Kano, Abba Kabir Yusuf, ya rattaba hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, kuma gwajin sikila na cikin abubuwan da ta ƙunsa. Dokar ta zo a kan gaɓa. Sai dai takardar asibiti ba ta da amfani ga wanda bai fahimci abin da ke cikinta ba, kuma a nan ne aikin masana harshen Hausa ya taso.

Tun a 1866 Gregor Mendel ya wallafa sakamakon bincikensa a kan wake, inda ya nuna cewa kowace siffa da ake gado tana da ƙwayoyi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Haka lamarin sikila yake. Mai AS lafiyarsa ƙalau, amma yana ɗauke da ƙwayar S a ɓoye. Idan ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa masu AS suna da kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ne dalilin yawaitar ƙwayar a yankunan da sauro ya yi katutu.

Matsalar ita ce Hausar da ake isar da wannan bayani da ita. Kafafen yaɗa labarai sukan kira AA da AS da SS "rukunin jini", alhali da wannan sunan ake kiran A da B da O, waɗanda suka shafi ƙarin jini. Mutum sai ya ji rukuninsa A ne, ya ɗauka ya tsira. Haka kuma ana yawan fassara "ɗaya cikin huɗu" da cewa a cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai kamu, ko kuma idan an haifi mai cutar sauran ukun sun kuɓuta. Gaskiyar ita ce kowane ciki lissafinsa daban. Ma'aurata na iya haifar masu SS uku a jere.

Mafi muni shi ne yadda ake ɗora wa uwa laifi. A gidaje da dama, da zarar yaro ya fara ciwon gaɓoɓi sai dangin miji su ce daga wajen matar aka kwaso, har a kai ga saki. Alhali babu yaron da ke zama SS sai uba ya ba da rabinsa.

Ya kamata sassan nazarin Hausa na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo su zauna da likitocin jini, su tsayar da kalma guda ga AA da AS da SS wadda ta bambanta da rukunin jini, sannan a miƙa ta ga gidajen rediyo da limaman da ke ɗaura aure.