Zarto Ma Yana Buƙatar Kube

Bahaushe bai saba barin kayan sana'arsa a tsirara ba. Wanzami yana da zabira, inda aska da ƙaho kowanne ke da mazauninsa. Maharbi yana da kwari, takobi yana da kube, malami kuma yana adana littattafansa a gafaka. Abin mamaki, da zamani ya kawo mana kayan aiki masu tsada, sai muka yi watsi da wannan tarbiyya. Za ka ga kafinta ya jefa zarton lantarki a buhu, tare da guduma da ƙusoshi, ya ɗaure a bayan babur ya bi hanya mai gargada.

Wannan sakaci yana da tsada. Zartunan Makita da Bosch da makamantansu daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashinsu ya yi tashin gwauron zabo. Ga ƙaramin kafinta, zarto ɗaya shi ne jarinsa. Haƙoran faifan zarton yawanci da tangistin kabaid ake yin su, mai tsananin tauri amma mai saurin ɓantarewa idan ya bugi ƙarfe. Farantin da zarton ke zama a kansa kuwa, da zarar ya lanƙwashe, yanka ba zai ƙara miƙewa ba. Mafi muni, murfin da ke rufe faifan yana iya maƙalewa, alhali faifan yana juyawa kusan sau 5,000 a minti ɗaya. A nan ba kuɗi kaɗai ake asara ba, har da yatsu.

Maganin bai fi ƙarfin kowane kafinta ba: akwati mai shimfiɗa a ciki, wadda aka yanka daidai da surar zarton. A haɗa akwatin katako da ya fi zarton faɗi da kamar santimita 3 ta kowane gefe. Kada a dogara da soson katifa, domin yana shan danshi ya jawo tsatsa da damina, kuma yana marmashewa. Roba mai ɗan tauri irin ta silifas ta fi dacewa. A shimfiɗa falle ɗaya a ƙasa ba tare da an yanka shi ba. A ɗora zarton a kan falle na biyu, a zana kewayensa da alli, a yanke da wuƙa mai kaifi ta cikin layin kaɗan, domin ramin ya riƙe shi gam. A yi ta ƙara falle ana liƙawa da gam har zurfin ya isa. A ware wa faifan ajiya da sifana da batir nasu ramukan dabam, a kuma manna wani falle a murfin akwatin don ya danne komai.

Kafin a ajiye zarton, a zare shi daga wuta ko a cire batir, a kakkaɓe garin katako, a tabbatar murfin faifan ya rufe. Ƴan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi ma suna da amfani a akwatin.

Wannan aikin yini ɗaya ne, amma darasinsa ya wuce shagon kafinta. A ɗakunan gwaje-gwajen makarantunmu, na'urori da yawa ba aiki ne ya kashe su ba, ƙurar hunturu ce da rashin ma'ajiya. Ya kamata kwalejojin fasaha da iyayen gida a shaguna su sa haɗa wannan akwati ya zama aikin farko na kowane yaro mai koyo, kafin a damƙa masa zarto. Wanda bai iya adana kayan aiki ba, bai gama koyon sana'a ba.