Gadon Anna na Kwarin Maraɗi: Me Za a Yi da Shi?

A sababbin unguwannin Maraɗi irin su Zariya, yaro yakan tashi har ya gama lakkol bai taɓa jin labarin Anna ba, in ma ya ji kalmar to a wurin zagi ne. Alhali kuwa Anna su ne masu ƙasa na farko a kwarin Gulbin Maraɗi. Su ne ake kira Azna a Adar da Arewa, Maguzawa kuma a ƙasar Kano da Katsina.

Anna sun yarda akwai Allah mahalicci, amma a ganinsu iskoki ne ke kusa da mutum, irin su Doguwa da Kure da Uwar Gona. Kowane dangi yana da nasa gado: akwai masu noma, da maharba, da maƙera, da masu ruwa. Maigida shi ke yin yanka a madadin iyalinsa kafin shuka da bayan girbi, kowane iska da irin dabbarsa, wani jan zakara, wani baƙar akuya. Ba a shiga farauta sai an yi buɗin daji. Manomin da ya tara damin hatsi dubu yakan yi bikin dubu, ya rarraba wa jama'a, ya zama Sarkin Noma.

Sarauta ba ta kori wannan gado ba. Bayan jihadin Shehu Usman ɗan Fodiyo, sarakunan Katsina da aka kora sun zauna Maraɗi tare da Ɗan Kasawa wajen 1819, Gobirawa kuma suka kafa Tibiri a 1836 bayan yaƙin Gawakuke. Sarakunan musulmi ne, amma sun ƙulla zama da masu ƙasa. Shi ya sa akwai Sarkin Anna a fadar Gobir, aka kuma bar shugabancin bori a hannun mace ta gidan sarauta: Iya a Maraɗi, Inna a Tibiri.

Abubuwa uku suka raunana wannan tsari. Na farko, rushewar gandu. Da noman gyaɗa da biyan haraji da kuɗi suka kankama, samari suka ware gonakinsu, babu sauran maigida ɗaya da zai yi yanka domin kowa. Na biyu, fari na 1973 da yunwar 1984 da ake kira El-Buhari sun watsa mutane zuwa birane da Nijeriya. Har a Jiratawa, inda aka gyara fadamar noman rani a farkon shekarun 1980, famfo da kwamitin manoma ne ke tsara lokacin ruwa. Na uku, yaɗuwar karatun addini, musamman bayan kafa Izala a Jos a 1978 da bazuwar wa'azinta zuwa Maraɗi. A watan Nuwamba na 2000, masu zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA sun far wa mashaya da wuraren kiristoci a Maraɗi, gidan Iya ma bai tsira ba.

Ba a nan kaɗai aka ga irin wannan ba. A jihar Manipur ta arewa maso gabashin Indiya, al'ummar Meitei suna da addinin kakanni da ake kira Sanamahi. A ƙarni na 18 sarkinsu Pamheiba ya karɓi addinin Hindu, ya ɗora shi a kan talakawansa. Duk da haka ba a daina keɓe wa Sanamahi kusurwa a cikin gida ba, ba a kuma daina bikin Lai Haraoba ba, inda mata da ake kira maibi ke hawa kamar yadda ƴan bori ke yi. Daga 1930 aka fara kafa ƙungiyoyin farfaɗo da shi. Abin da ya taimake su shi ne suna da tsofaffin littattafai, Puya, cikin rubutunsu na kansu.

Anna ba su da littafi. Iliminsu a ka yake, yana bin tsofaffi kabari. Abin da aka rubuta kuwa, kamar binciken Guy Nicolas na 1975 da na Jacqueline Monfouga-Nicolas a kan bori na 1972, da Faransanci yake, jikokin masu labarin ba su karanta shi.

Mutanen kwarin nan musulmi ne, ba mai neman su koma ga tsafi. Amma a cikin gadon akwai sanin itatuwan magani, da dokokin hutar da daji, da tarihin kafuwar garuruwa da iyakokin gonaki, wanda alƙalai ke nema yau idan rigimar fili ta taso. Ya kamata ma'aikatan yaƙi da jahilci da waɗanda suka sami takardar shaida su zauna da tsofaffin Tibiri da Jiratawa, su rubuta da Hausa, a kuma fassara littattafan da ke akwai. Hukuma da sarakuna kuwa, wajibinsu ne su tsare ran kowa da gidansa, kome abin da yake bautawa, don kada abin da ya faru a 2000 ya sake aukuwa.