Dogon Hutu Ne Lokacin Aikin Laburare

Daga ƙarshen watan Yuli zuwa cikin Satumba makarantun firamare da na sakandare a Najeriya a rufe suke, a Nijar kuwa hutun yakan kusa wata uku. A daidai wannan lokaci ne ɗakunan karatu na gwamnati suka fi yin tsit. Masu JAMB sun gama, masu WAEC da NECO sun ajiye biro, kuma da yake su ne mafi yawan masu zuwa, sai kujeru su koma fayau, ma'aikata su zauna jiran lokacin tashi. Yaran da aka sallamo daga aji kuwa suna can bakin layi, ko gidan kallon ƙwallo, ko kan wayar yayyensu. A ganina mun juya abin a baibai. Makonnin da makaranta take rufe su ne ya kamata laburare ya fi cika, kuma hukumomin ɗakunan karatu na jihohi su ɗauki shirin dogon hutu a matsayin babban aikinsu na shekara: kyauta, da harshen da mutane ke ji, ga yaro da matashi da uwa da tsoho.

Abin ba sabo ba ne a duniya. Tun shekarun 1890 ma'aikatan laburare a wasu biranen Amurka, irin su Cleveland da Hartford, suka fara tara yara a hutun bazara suna ba su jerin littattafai, yau kuma da wuya a sami laburaren gari a ƙasar da ba ya yin irin wannan shiri. A Birtaniya, tun 1999 ake yin gasar karatun hutu, wadda ƙungiyar The Reading Agency take gudanarwa tare da ɗakunan karatu. Tsarinta ba shi da wani sarƙaƙiya: yaro ɗan shekara 4 zuwa 11 ya yi rajista, ya zaɓi littattafai da kansa, galibi shida, duk wanda ya gama ya dawo ya ba da labarin abin da ya karanta, a ƙarshe a ba shi takardar shaida da lambar yabo. Yara dubu ɗaruruwa ne ke shiga kowace shekara. Babu jarrabawa, babu bulala, babu kuɗin shiga. Abin da ke jan yaron shi ne an bar shi ya zaɓa, kuma akwai babban da zai saurare shi.

Akwai bincike a bayan wannan al'ada. A 1978 Barbara Heyns ta fitar da sakamakon bin diddigin dubban ɗalibai a birnin Atlanta, inda ta gano cewa a cikin duk abin da yara ke yi a hutu, karatun littafi ne ya fi alaƙa da ƙaruwar iliminsu, kuma zuwa laburare ya fi nuna wanda zai ci gaba fiye da zuwa makarantar hutu. A 1996 Harris Cooper da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a baya, suka ce a matsakaici yaro yakan koma aji da asarar kimanin wata ɗaya na abin da ya koya, lissafi ya fi zubewa, kuma a fannin karatu 'ya'yan talakawa ne ke ja da baya. Wanda ya fi dacewa da mu shi ne gwajin Richard Allington a jihar Florida, da aka wallafa a 2010. An bar yaran makarantun marasa galihu su zaɓi littattafai 12 kowannensu su tafi da su gida a farkon hutu, shekara uku a jere, sai aka ga sun fi takwarorinsu da ba a ba su ba a jarrabawar karatu ta jiha. Ba a gina aji ko ɗaya ba, ba a ɗauki malami ko ɗaya ba.

Mai adalci dole ya faɗi cewa masana ba su haɗu a kan girman wannan asara ta hutu ba. Paul von Hippel na Jami'ar Texas ya nuna a 2019 cewa idan aka yi amfani da jarrabawoyin zamani, tazarar da ake cewa hutu ne ke buɗe ta tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka ba ta fitowa kamar yadda tsofaffin bincike suka nuna, yawancinta ma yara sun zo da ita tun kafin su shiga aji ɗaya. Wannan suka ce mai ƙarfi, kuma duk mai kafa hujja da alƙaluman Amurka ya kamata ya san da ita. Sai dai ba ta rushe maganar a nan ba, domin damuwarmu ta wuce ko yaro zai manta abin da ya koya. Rahoton Bankin Duniya da abokan aikinsa na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan yara 9 cikin 10 masu shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta. Yaron da ya gama aji huɗu yana haɗa baƙi da ƙyar, abin da yake bukata shi ne sa'o'i masu yawa tare da littafin da ya yi daidai da shi, kuma ajin da ke da ɗalibai ɗari ba zai taɓa ba shi wannan ba. Mako shida ba tare da manhaja a wuyansa ba dama ce da zangon karatu ba ya bayarwa.

Dalilin da ya sa na nace a kan kowane rukunin shekaru shi ne yaro ba ya zuwa ko'ina shi kaɗai. 'Yar shekara bakwai sai yayarta ta riƙo hannunta, yayar kuma sai uwa ta yarda, uwar kuwa ba za ta yarda da wurin da ba ta taɓa shiga ba. Laburaren da ya ware safiyar Asabar ga mata, ma'aikaciya mace na karɓarsu, ana koyon karatu da lissafin sana'a, ya buɗe ƙofar gidaje da yawa a lokaci guda. Dattijon da aka gayyato ya ba da tarihin unguwa, ko tsohuwar da ta zo da tatsuniya da kacici-kacici, sun zama masu wurin, gobe su ne za su kare shi. Matashin da ya gama sakandare yana bukatar a nuna masa yadda ake cike fom a intanet da rubuta takardar neman aiki, shi ma kuma zai iya zama da ƙananan yara biyar ya karanta musu. Sannan ga ɗimbin mutanen da ake lissafawa cikin marasa karatu alhali suna karanta ajami sarai. Zaman karanta waƙoƙin wa'azi da tsofaffin wasiƙu na ajami zai shigo da almajirai da malamansu, waɗanda ba su taɓa jin ginin nasu ne ba. Wannan ma ba baƙon abu ne a Arewa ba. A shekarun 1940 En'e-En'e sun buɗe ɗakunan karatu a garuruwa, inda ake samun Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, mai iya karatu ya karanta wa saura. A shekarun 1950 aka yi Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai domin manyan da suka koyi karatu kada su rasa abin karantawa. A Nijar kuwa an kafa cibiyoyin CLAC, waɗanda suka haɗa aron littafi da wasanni da tarukan al'adu a ƙananan garuruwa.

Za a ce hutunmu damina ce, yara na gona, wasu na talla, ga Islamiyya safe da yamma. Gaskiya ne, kuma shirin da ya yi karo da noma ko da karatun addini ya mutu tun kafin a fara shi. Amma ba wanda ya ce a riƙe yaro wuni guda. Sa'a biyu sau biyu a mako ta isa, saura kuma littafin ne zai bi shi gida. Makarantun allo suna hutun Alhamis da Juma'a, ga lokaci nan a sarari. Ƙauyen da babu laburare kuwa akwatin littattafai ya ishe shi, a ajiye shi a makarantar firamare ko zauren mai gari, a sauya bayan mako biyu. Hukumar laburare ta Kenya ta fara kai littattafai a kan raƙuma ga makiyayan Garissa a 1996. Mu Keke Napep ma ya wadatar.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce mafakar kowane jami'i. Abin da muke da shi matsalar zaɓi ce fiye da ta rashi. An ba da kwangilar hedikwatar Laburaren Ƙasa a Abuja a 2006, aka kwashe fiye da shekara 15 ginin na tsaye ba a gama ba, domin mun fi son abin da za a yanka ƙyalle a buɗe. Shirin hutu ba ya bukatar bulo ko ɗaya. Ginin yana nan, kamar Laburaren Murtala Muhammad da ke Kano, albashin ma'aikata ana biya ko an zo ko ba a zo ba, ga masu yi wa ƙasa hidima da ke da ranar aikin al'umma, ga ɗaliban kwalejojin ilimi suna hutu. Abin da za a saya da gaske shi ne littattafai, kuma a nan ne ake yawan kuskure. Tsofaffin littattafan Turanci da aka yi kyautarsu daga ƙasashen waje ba za su riƙe yaron Gwale ko na Sabon Birni ba. A cika kantoci da Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Mai Ƙarfi, da ƙananan littattafan koyon karatun Hausa irin na shirin Mu Karanta da aka yi a Bauchi da Sakkwato, da littattafan marubutanmu na yanzu. Na san akwai iyayen da ke ɗari-ɗari da littattafan soyayya, an ma taɓa ƙona wasu a Kano a 2007. Amma waɗannan littattafai, na su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa, su ne suka sa mata da yawa suka riƙe karatu bayan sun bar makaranta, shagunan hayar littattafai a unguwanni ma da su suka rayu. Tantance abin da ya dace da kowane shekaru aikin ma'aikacin laburare ne, don haka aka horar da shi.

Masu cewa waya ta maye gurbin littafi sun manta cewa waya tana amfanar wanda ya riga ya iya karatu ne. Wanda bai iya ba, bidiyo da saƙon murya kawai yake samu a cikinta. Masu cewa ai ga lesin na hutu kuma, su tuna lesin na mai kuɗin biya ne, kuma yawanci maimaita aji ne da allo da kwafe. Abin da ya rage shi ne wata hukumar laburare ta jiha ta sa shirin a kasafinta tun farkon shekara, ta sanar da shi ta rediyo da masallatai kafin a ba da hutu, ta kuma yarda yara su tafi da littafi gida ko da wasu za su ɓace ko su jiƙe da ruwan sama. A watan Satumba ta fito da adadin yara da mata da dattawan da suka zo, da yawan littattafan da aka ara, domin majalisar dokokin jiha ta sami abin dubawa idan aka zo kasafin baɗi.