Manhajojin Rubuta Kiɗa da Koyar da Yara Tsara Waƙa

Rubuta kiɗa a kan layuka tsohon ilimi ne a Turai. Ana danganta asalinsa da Guido na garin Arezzo a Italiya, a ƙarni na 11, kuma daga baya aka daidaita a kan layuka biyar. Alamar da aka ɗora a sama tana nuna amo mai tashi, ta ƙasa tana nuna mai sauka, siffar alamar kuma ita ke faɗin tsawon lokacin da za a ja shi. Matsalar wannan ilimi tun da can ita ce takarda ba ta magana. Yaro zai iya cika shafi da alamomi ba tare da ya san yadda za su fita a kunne ba, sai ya sami wanda ya iya fiyano ya kaɗa masa.

Wannan giɓi ne manhajojin rubuta kiɗa suka cike. Noteflight, wadda ta fito a Amurka a 2008, da Flat ta ƙasar Faransa, ana aiki da su ne kai tsaye a intanet. MuseScore kuwa kyauta ce, ana sauke ta a kwamfuta, sa'an nan a ci gaba da aiki ko da babu intanet, abin da ya fi dacewa da halin makarantunmu. A dukkansu, da zarar yaro ya ajiye alama zai ji amonta. Idan bai yi masa daɗi ba, ya matsar da ita ya sake saurare. A ganina wannan shi ne babban amfaninsu, domin yaro na zama alƙalin aikinsa tun kafin malami ya sa baki.

To, amma ta ina malamin yaran Hausawa zai fara? Ra'ayina shi ne ya fara daga harshen da ke bakinsu. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kalmar wuya ta jikin mutum tana farawa da sautin sama ta sauka, wuya ta wahala kuwa daga ƙasa take tashi. Malami ya sa yara su furta kalmomin biyu, su nuna hawa da saukarsu da hannu, sa'an nan su ɗora kowace gaɓa a kan layi. Haka nan gaɓa mai nauyi ta karɓi doguwar alama, marar nauyi ta karɓi gajera. Daga kalma a wuce zuwa ɗango guda da yaron ya ƙirƙira da kansa. Ba doka ba ce rauji ya bi karin sauti sau da ƙafa, mawaƙa sukan saɓa masa da gangan, amma ya kamata yaro ya san abin da yake saɓawa.

Sai dai akwai hanzari. An gina waɗannan manhajoji a kan ma'aunin Turawa mai matakai 12, alhali kalangu, da makaɗi ke matse tsarkiyarsa a hammata, yana zamewa tsakanin matakan kamar muryar mutum. Idan aka rubuta irin wannan kiɗa, na'ura takan mayar da shi a sandare, kuma yaro mai ganin girman kwamfuta zai iya ɗauka makaɗin ne ya yi kuskure. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗanmaraya Jos mai kuntigi, wanda ya rasu a 2015, ba a kan layuka suka tsara waƙoƙinsu ba. Saboda haka wajibi ne malami ya kiyaye jerin aikin: yara su rera da baki, su tafa, su gyara, sai a ƙarshe a buɗe kwamfuta. Inda ta kasa kamo abin da suka rera, a nuna musu wurin a fili, a bar muryarsu yadda take.

Batun ƙarancin kayan aiki bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Kwamfuta ɗaya da lasifika sun isa aji guda, idan aka kasa yara rukuni-rukuni, kowane rukuni ya zo da ɗangonsa a shirye kafin layi ya zo kansa.