Jakar iska da buhu goman da na ƙara

Makon jiya wani ɗan'uwa daga Tamale ya tambaye ni ko jakunkunan iskar da na sa wa Hilux ɗina sun biya kuɗinsu. Sun biya, Alhaji, amma tsaya ka ji.

Da, in na ɗaura tirelar albasa, sai bayan motar ya durƙushe, fitilu su haske sama, sitiyari ya yi sako-sako a hannu. Wani bakanike a Suame, nan Kumasi, ya sanya mini jakunkunan roba biyu a kan sifirin na baya. In lodi ya hau, in ƙara iska, mota ta miƙe sarai. In babu kaya in rage, amma ba a barinsu wayam, lalacewa suke yi.

Ganin ta miƙe, sai kwaɗayi ya sa na ƙara buhu goma. A gangaren Mampong birki ya ɗau zafi har yana ƙauri, tirela tana tura mu, ɗana na gefe yana ta salati. Na manta birki da tayoyi duk na da ne, kuma iyakar nauyin da kamfani ya ƙayyade bai ƙaru ko da kilo ɗaya ba.

Da ƙyar muka tsaya. Nan bakin hanya na sauke buhunan, na nemi wata motar.